Malami da Na'ura a Ƙasar Adar: Daga Akwatin Rediyo Zuwa Zauren WhatsApp

Duk wanda ya shiga farfajiyar wata makarantar sakandare ta garin Tawa da ƙarfe goma na safe, sa'ad da ɗalibai suka fita shan iska, zai tarar da malamai zaune a inuwar dogon yaro, kowa da wayarsa a hannu. Baƙo zai zaci hira ce ta mutu a tsakaninsu. Amma in ya matsa kusa, zai ga wannan yana buɗe takardar jarrabawar gwaji da wani abokin aiki ya aiko daga Keita, wancan yana sauraren saƙon muryar wata malama ta Abalak mai neman shawara a kan darasin nahawu, na ukunsu kuma yana cigiyar wanda zai ara masa caja. Babu ministan da ya ba da umarnin a yi haka, babu kuma ƙungiyar agajin da ta kawo kuɗinsa. Malamai ne da kansu, da kuɗin aljihunsu, suka mayar da Facebook da WhatsApp wurin taron ƙara wa juna sani.

Wani dattijo da ya koyar da ni a firamare, wanda yanzu ya yi ritaya, ya taɓa ce mani in daina mamaki, domin shi wannan ne karo na huɗu da ya ga an zo da wata na'ura ana cewa ita ce za ta warkar da ciwon makarantar Nijar. Maganarsa ce ta sa na koma ga tarihi. Abin da na tarar shi ne, tun daga samun mulkin kai a 1960, ƙasarmu ba ta kasance ƴar kallo ba a fagen koyarwa da na'ura, har ma akwai lokacin da masana na duniya ke zuwa Yamai ganin abin da ake yi. Kuma a kowane karo, tambayoyi uku ne suka yanke wa na'urar hukunci: wane matsayi ta bai wa malami, da wane harshe take magana, wa kuma zai ɗauki nauyinta in baƙin da suka kawo ta sun tafi.

Kafin zuwan akwati

Yaɗa ilimi daga nesa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma cikin manyan malamansa akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi zaman koyarwa a Adar da Agadas. Malaman wancan zamani suna aika wa juna tambaya da amsa a rubuce, ɗalibai suna kwafar littafi da hannu su tafi da shi garinsu, fatake kuma su ne ƴan aike. Daga baya Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin ƴan-taru: jajoji mata suna zuwa wurinta daga ƙauyuka, su haddace darasi da ta tsara cikin waƙa da Hausa ko Fulatanci, su koma su koyar da matan garinsu.

Kayan aikin wannan tsari ba su wuce allo da tawada da alƙalamin kara da ƙwaƙwalwar mutum ba. Amma yana da abubuwan da na'urorin baya suka sha rasawa. Darasin yana zuwa da harshen mai saurare, mai kai shi ɗiyar gari ce da aka sani aka yarda da ita, in kuma wani abu ya shige duhu, jaji za ta koma da tambaya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin shi ne ma'aunin da za mu auna sauran da shi.

Ƙungiyoyin sauraren rediyo

An buɗe Rediyo Nijar a 1958, wanda aka sake wa suna Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar da ake kira da Faransanci Association des Radio-Clubs du Niger. Tsarinta mai sauƙi ne, amma akwai hikima a ciki. Ana zaɓen wani batu da ya shafi rayuwar talaka, kamar bashin iri, ko tsadar aure, ko sa yara makaranta, ko ciwon da ke kashe dabbobi. Mai jagorancin ƙungiya a gari, wanda sau da yawa malamin lakwal ne ko ma'aikacin asibiti, yana ɗaukar rakoda ya zaga ya naɗi ra'ayin manoma da makiyaya da mata. A aika faifan Yamai, a harhaɗa shi da bayanin masana, a watsa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Ranar watsawa jama'a su taru a gindin akwati guda, su saurara, su yi muhawara, jagora ya rubuta abin da aka ce ya sake aikawa.

Abin lura a nan shi ne magana tana tafiya tana dawowa. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba yana jin muryarsa, ko muryar ɗan'uwansa na wani gari, tana fitowa daga akwatin da a da muryar hukuma kaɗai ke fitowa daga cikinsa. Malamin makaranta kuwa, da rana yana gaban allo, da dare ya zama mai gabatar da taro, mai fassara, mai sasanta masu gardama. Darajarsa ta ƙaru a idon gari. A shekarun nan ne kuma hukumar yaƙi da jahilci, wadda ta fara aiki a 1963, ta riƙa buga jaridar Ganga da wasu ƙananan jaridu na jihohi da harsunan ƙasa, domin wanda ya koyi karatu da girma ya sami abin karantawa, har ma ya aiko da nasa rubutu.

Ƙungiyoyin sun yi rauni daga baya, saboda ƙarancin kuɗi da batir da kaset, da kuma yadda kowace gwamnati ke son akwatin ya faɗi abin da ya yi mata daɗi. Amma irin da suka shuka bai mutu ba. Gidajen rediyon karkara da suka fara bayyana daga 1999, na farkonsu a Bankilare, jikokinsu ne.

Talabijin a cikin aji

Gwajin da ya fi kowane yin suna shi ne Télé-Niger, wato talabijin na makarantu, wanda aka fara a 1964 da taimakon Faransa. Dalilin kafa shi a fili yake: ƙasa sabuwa, yara da yawa, ƙwararrun malamai ƙalilan. Sai aka ce, tun da ba za a iya samar da gwani a kowane aji ba, bari a tara gwanaye a ɗakin shirye-shirye a Yamai, su tsara darasi da hotuna da wasan kwaikwayo da zane, a watsa wa ajujuwa. An fara da aji biyu, daga 1966 aka ƙara ashirin, yara kimanin 800 suka shiga zangon gwajin. Kowace rana ana watsa shirye-shirye huɗu, kowanne kusan rubu'in awa. A cikin ajin kuwa ana ajiye wani matashi da ake kira moniteur, wanda iliminsa bai wuce takardar gama firamare ba, aka ba shi horo na ƴan watanni, aikinsa ya shirya yara kafin shiri, ya kuma bi takardar da aka aiko masa bayan an kashe akwati.

Kada mu raina abin da aka yi. Waɗanda suka ziyarci ajujuwan sun ba da shaidar cewa yaran suna son makaranta, ba sa gudu, suna magana da Faransanci ba tare da tsoro ba, bulala kuma ta yi ƙaura. Masana irin su Wilbur Schramm na Amurka sun yi rubutu a kan gwajin, ƙasar Kodibuwa kuma ta ɗauki darasi daga gare shi sa'ad da ta buɗe nata shirin a Buwake a 1971. Har ila yau, saboda ƙauyuka ba su da wutar lantarki, tun 1968 aka gwada kunna talabijin da hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai, abin da ya sa Nijar cikin ƙasashen farko da suka yi amfani da wannan fasaha a karkara.

Duk da haka, shirin bai yi tsawon rai ba. An faɗaɗa shi a shekarun 1970, ajujuwan suka haura ɗari, amma ba su taɓa zama fiye da ɗan tsibiri cikin tekun makarantun ƙasa ba, kuma mafi yawansu suna yammacin ƙasa inda na'urar watsawa ke kaiwa. Yaron Barmu ko na Takanamat bai san ana yi ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an naɗe tabarmar, kayan aikin da ma'aikatan suka zama harsashin Télé Sahel, talabijin na ƙasa da ya kankama a 1979.

Me ya kashe shi? Tsada na ciki, domin shirya darasi da gyaran akwatuna sun dogara ga kuɗi da ƙwararrun waje. Amma akwai abin da ya fi tsada nauyi. Shirin ya tashi ne a gefen ma'aikatar ilimi, ba a cikinta ba, malamai da sufetoci na tsohon tsari suna kallonsa a matsayin kishiya da aka kawo don a nuna ana iya yi ba da su ba. Wanda aka yi abu don a kauce masa, ba zai tsaya kare abin ba ranar da ya shiga uku. Sa'an nan darasin duka da Faransanci yake, daga sama yake saukowa, iyaye ba su da ta cewa. Yaro yana iya kallon akwati, amma akwati ba ya jin tambayar yaro.

Maganar harshe

A daidai lokacin da ake kallon talabijin, wasu suna wani aiki marar ƙyalli wanda ya fi shi daɗewa. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya duba yadda za a daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Cibiyar INDRAP ta ɗauki nauyin rubuta littattafai. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da muke bi, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda goma.

Waɗannan makarantu sun daɗe suna amsa sunan gwaji har yaran da suka fara shiga cikinsu suka yi furfura. Babbar matsalarsu kullum ita ce abin karantawa. Buga littafi yana da tsada, kai shi ƙauye ya fi tsada, in ya yage kuma babu madadinsa. Maɗaba'ar Albasa ta fitar da littattafai masu kyau da harsunan ƙasa a farkon shekarun 2000, amma nawa ne suka kai hannun malamin da ke koyarwa a rumfar zana a arewacin Adar? Na kawo wannan ne domin a nan wayar salula ke da abin da za ta iya yi wanda rediyo da talabijin suka kasa.

Wasiƙa, kaset da ɗakin kwamfuta

Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Da an gama girbi, samari su kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya, su bar mata da tsofaffi da yara. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980, aikinmu na farko da ilimin boko shi ne rubuta wa tsofaffi wasiƙa. Tsohuwa ta zaunar da kai, ta faɗi da Hausa, kai kuma ka yi ta kokawa da Faransancinka na aji biyar, can a bakin teku wani yaro ya sake mayar da ita Hausa. Abin da ke isa kunnen mai wasiƙa, Allah kaɗai ya san nisansa da abin da aka faɗa. Da rakoda ta yawaita, sai mutane suka yar da mu, suka koma naɗar kaset: iyali su taru, kowa ya yi gaisuwa ya faɗi damuwarsa, a ba direba ya kai. Jama'a sun nuna tun a lokacin cewa in an ba su zaɓi, muryarsu da harshensu za su ɗauka.

Intanet ya shigo Nijar a tsakiyar shekarun 1990 ta hanyar kamfanin SONITEL, amma ya daɗe bai wuce ofisoshin Yamai ba. Sa'ad da shagunan intanet suka buɗe a Tawa, mukan biya kuɗin awa guda, rabinta ta ƙare wajen jiran shafi ya buɗe. A wata makaranta da na koyar, wasu masu taimako sun kawo kwamfutoci, aka yi biki, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Ba a horar da kowa sosai ba, ba a tanadi kuɗin wuta ko na gyara ba, shugaban makaranta kuma, don tsoron a ce abu ya lalace a hannunsa, ya kulle ɗakin ya sa mabuɗi a aljihu. Bayan shekara uku da aka buɗe, ƙurar hunturu ta riga ta gama aikinta. Kuskuren Télé-Niger ne aka maimaita a ƙaramin ma'auni.

Wayar salula kuwa ba ta jira biki ba. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, wasu suka biyo baya, Orange ya shigo a 2008, cikin shekaru kaɗan eriya ta tsaya a garuruwan da ba su taɓa ganin wayar tangaraho ba. A lokacin yunwar 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wani kaso ta hanyar waya. A fagen ilimi, shirin ABC da ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar a 2009 da 2010 a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram ya ba da darasi mai daraja. An koyar da manya karatu da lissafi da harshensu, a rabin ƙauyukan kuma aka ƙara koya masu sarrafa waya mai sauƙi. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka buga a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran sakamako a rubutu da lissafi. Dalilin ba boyayye ba ne: sun sami abin yi da karatun, wato rubuta wa ɗa ko miji saƙo, da duba lamba, da tambayar farashin gero. Kuma malami yana nan a tsakiyar shirin, wayar ƙari ce a kan aikinsa.

Zaurukan malamai

Da wayoyi masu intanet suka yi araha a shekarun 2010, sai malamai suka shiga Facebook, daga baya WhatsApp ya mamaye. Tun 2013 WhatsApp ya ba da damar aika saƙon murya, wanda yaranmu ke kira bokal, kuma wannan ne ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya rubutu ba. Kaset ɗin ƴan ci-rani ne ya dawo cikin sabuwar riga. A shekarar nan ta 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, a 2016 kuma Facebook ya fito da Hausa.

Ga malami, amfanin a bayyane yake. Tarukan ƙara wa juna sani da hukuma ta tsara, CAPED a firamare da rukunin malaman fanni guda a sakandare, sukan gamu da matsalar nisa da kuɗin mota. Malamin kwantaragi da aka tura ƙauye ba tare da isasshen horo ba, shi kaɗai ne mai koyar da fanninsa a faɗin kilomita da yawa, ba shi da wanda zai tambaya. Yanzu yana iya ɗaukar hoton darasin da ya shirya ya tura zaure, kafin la'asar wani tsohon hannu ya gyara masa. Ana musayar tsofaffin tambayoyin BEPC da na bakaloriya, da jadawalin darussa, da sanarwar ma'aikata wadda a da sai ta yi wata guda a hanya. Ni kaina na ga yadda gardama a kan rubuta kalma guda, ko a haɗa ko a raba, ta ɗauki kwana biyu tsakanin malaman Hausa na Tawa da Maraɗi da Damagaram, har wani ya ɗauko hoton shafin ƙa'idojin 1999 ya raba gardamar.

Annobar korona ta gwada wannan sabon tsari. An rufe makarantun ƙasa a ranar 20 ga Maris 2020, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuni. Da yawanmu mun buɗe zauruka don ɗaliban ajin jarrabawa, muna tura darasi da aikin gida. Abin da muka gani ya sanyaya mana jiki. Ɗan ma'aikaci a cikin gari yana amsawa kullum. Ɗan ƙauye da ya koma gida ya ɓace, domin ko babu rezo, ko babu wuta, ko babu kuɗin sayen mega. Ƴan mata da yawa ba su da wayar kansu, sai ta uba ko ta wa, wadda ba ta zuwa hannunsu sai dare. Na'urar da muka zaci za ta daidaita yara sai ta ƙara nisa tsakanin mai shi da marar shi. A watan Fabrairu na 2021 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka katse intanet na waya kusan kwana goma, muka gane cewa zauren da muke taƙama da shi a filin aro aka gina shi. A can arewa, wajen Tiliya, inda hare-haren Maris 2021 suka hallaka mutane 137, akwai wuraren da rashin tsaro ya kori malami da ɗalibi gaba ɗaya, kuma babu wayar da za ta maye gurbin makarantar da aka rufe.

Akwai kuma illolin da suka fito daga gare mu. Jita-jita tana gudu a zaure fiye da gaskiya. Darasi mai kuskure, in ya shiga waya ɗari, ya zama doka. Wani malamin ya daina shirya darasi, sai ya kwafi na wani ya zuba wa yara ba tare da ya duba ko ya dace da su ba, ya mayar da kansa moniteur na zamanin talabijin da hannunsa. Satar amsa a jarrabawa ta sami sabuwar hanya. Rubutun Hausa kuma yana shan wahala: ana rubuta ta da ƙa'idar Faransanci, ou a maimakon u, tch a maimakon c, ana zubar da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, har a kasa bambanta ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, alhali haruffan suna nan cikin waya ga wanda ya saita allon rubutunsa.

Abin da ya rage gare mu

In muka auna zaurukan nan da tambayoyi ukun da muka fara da su, za mu ga sun fi kusa da ƙungiyoyin sauraren rediyo na 1962 da tsarin ƴan-taru fiye da Télé-Niger. Malami ne mai su, magana tana zuwa tana komawa, Hausa kuma ta sami shiga ba tare da neman izini ba. Rauninsu yana wajen tambaya ta uku, da kuma wani abu da magabata suka fi mu: adanawa. Littafin da aka kwafa da hannu shekara ɗari biyu da suka wuce yana nan a gidajen malamai, Farfesa Jibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya gina tarihin Adar da ya buga a 1975 a kan irin waɗannan takardu da bakin tsofaffi. Mu kuwa, darasin da gwani ya ɓata dare yana shiryawa yakan ɓace ranar da waya ta faɗa ruwa ko ta cika aka share.

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ni da nake koyar da Hausa da Faransanci duka, na san doka ba ta rubuta littafi, ba ta kuma ƙirƙiro kalmar kimiyya. Wannan aiki ne na malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, kuma a karo na farko kayan yinsa suna aljihunmu. Shawarata ita ce kowane zauren malamai ya zaɓi mutum biyu ko uku masu tace darasi kafin a yaɗa shi. A tattara abin da aka tace a wuri guda, a buga shi a takarda sau ɗaya a shekara domin makarantun da ba su da rezo. A sa ɗalibai su naɗi tatsuniyoyi da kirari da tarihin garuruwansu daga bakin kakanni, da yardar masu maganar, su rubuta su bisa ƙa'ida, a ajiye karin harshen Adar yadda yake, kada a goge shi da sunan gyara. A haɗa kai da gidajen rediyon karkara, domin har gobe akwatin rediyo yana kaiwa inda mega ba ta kaiwa. Makarantar horon malamai ta Kawusan da jami'armu kuma su karɓi wannan taska su zama ma'ajiyarta.

Dattijon nan da na ambata a farko, da na karanta masa abin da na rubuta, ya yi shiru, sa'an nan ya ce a zamaninsa rakoda guda ce a gari, kuma sai an rubuta takarda kafin a ba ka ita. Ya ce yanzu kowane ɗayanku yana yawo da rakoda da kyamara da maɗaba'a a aljihu, to in kuka bar jikokinku ba abin karantawa da harshensu, wa za ku ɗora wa laifi? Ban sami amsar da zan ba shi ba, shi ya sa na kawo tambayar gabanku.